Littafin aikin hoton gidaje a maktab ɗin Kawu, Jidda

Asabar, 17 ga Agusta, 2024

Yau na buɗe wannan littafi saboda abin da ya faru shekaranjiya. Wata gwaggonmu, tsohuwar maƙwabciyar mahaifiyata tun muna Sabil, ta ɗauki motar haya daga kudancin gari har Bawadi don ganin shaƙƙar, wato gidan haya a cikin bene, da na tura wa 'yarta hotonta a WhatsApp. Da waya na ɗauki hotunan, na danna 0.5, mai faɗaɗa abin da waya ke gani, kamar yadda duk dillalai ke yi. Ta hau bene hawa uku da sandarta, ta tsaya a ƙofar falo tana haki, ta dube ni ta ce, "Ɗana, ina falon da ka turo mana?" Falon yana nan gabanta. Amma wanda ta gani a waya ya kusa ninka wannan, kuma hoton bai nuna mata cewa babu lif ba.

Tun da aka rushe Sabil da Karantina da Gulail da Bitrumin da sauran unguwanni sama da 60 tsakanin ƙarshen 2021 da 2022, mutanenmu sun watse ko'ina, kuma kuɗin haya ya hau. Da can idan kana neman ɗaki, maƙwabcinka ne zai kai ka da ƙafa. Yanzu a waya ake neman gida, a manhajojin talla irin su Aqar da Haraj, ko a rukunin dangi. Hoto ne ke tayar da mutum daga gidansa ya biya kuɗin mota. Idan hoton ya yi ƙarya, talaka ne ya yi asara.

Na faɗa wa Kawu ina so maktab, wato ofishinmu na dillancin gidaje, ya mallaki kayan hoto na gaske. Ya daɗe yana juya carbinsa kafin ya ce zai ware riyal 6,000, a hankali ba lokaci ɗaya ba, da sharaɗi guda: kada hoton da ya fita daga hannuna ya nuna abin da babu a gidan. Na ce na yarda, Kawu.

Alhamis, 29 ga Agusta

Na sayi kyamara ta hannu a Haraj, Canon 80D, samfurin 2016, a wurin wani mai ɗaukar hoton bukukuwa da ya koma wata sabuwa. Kafin in biya na ɗauki farin bango a f/16, wato da ƙofar hasken gilashi a tsuke, don in ga ko ƙura ta zauna a ciki. Ɗigo biyu ne kawai a kusurwa, za su goge. Na zaɓe ta don abu uku: allonta yana juyawa, don haka ko na matse ta a lungu ina ganin abin da take gani, tana iya ɗaukar hoto har 7 a jere da haske daban-daban, kuma ana sarrafa ta daga waya.

Gilashin da ya zo da ita 18-55mm ne, ba ya isa ɗaki. Na samo EF-S 10-18mm daban. A irin wannan kyamara ana ninka lambar da 1.6, wato 10mm ɗinta daidai yake da 16mm a manyan kyamarori, kuma 16-35mm shi ne gilashin da yawancin masu wannan sana'a ke rayuwa da shi. Saura riyal 3,300 a hannun Kawu.

Lahadi, 8 ga Satumba

Fitar farko ta lalace tun daga ƙofa. Kyamara ta kwana a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta zo cikin mota mai sanyi, ina buɗe jaka a gaban imara, wato benen gidajen haya, a unguwar Faisaliyya sai gilashi ya yi fari fat da raɓa. Danshin Jidda a Satumba ba wasa ba ne. Na goge, ya dawo. Na sake gogewa, ya sake dawowa, har cikin mahangi. Haris ɗin gidan, wato mai gadi, ɗan Yaman, ya kawo mini kujera da shayi, muka zauna kusan minti 20 kafin gilashin ya ɗauki zafin waje ya washe da kansa.

Daga yau jaka tana tafiya a but, ba kusa da iskar mukayyif ba, kuma ba na buɗe ta sai ta ɗan zauna a wurin da zan yi aiki. Na kuma zuba ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a kowane aljihunta. An gaya mini gilashin da ya daɗe cikin danshi yana yin fumfuna a ciki, kuma wannan ba ta goguwa da ƙyalle.

Talata, 17 ga Satumba

Na zauna da hotunan shaƙƙa huɗu a kwamfuta, kuma duk cuta ɗaya ke damunsu: bango yana jingina. Ƙofofi sun buɗe ta sama sun tsuke ta ƙasa, kabad ɗin kicin kamar zai faɗo wa mai kallo. Ni dogo ne, ina riƙe kyamara a daidai idona, sai in sunkuyar da ita kaɗan don tayil ya shigo. Wannan ɗan sunkuyon shi ne duka matsalar. Gilashi mai faɗi ba ya yafe karkata. Da zarar fuskar kyamara ta daina tsayawa daidai da bango, duk layin da ke tsaye sai ya kwanta.

Sai yanzu na gane me ya sa tsofaffin hannu ke cewa ƙafa-uku, wato abin da ake kafa kyamara a kai, ta fi kyamara muhimmanci a hoton gida. Na sayi ta alminiyom mai nauyi, ba irin 'yar siririyar da ake sayarwa da wayoyi ba. A kan tayil mai santsi ƙafafun roba ne suka dace, kuma na ɗinka musu 'yan safa na ƙyalle don gidan da aka shimfiɗa darduma, domin ƙafar da ta taka titi ba za ta taka inda ake sallah ba.

Akwai abin da ban sani ba sai da na gwada. Ma'aunin daidaito da ke cikin 80D yana nuna karkatar dama da hagu kawai, ba ya nuna sunkuyo gaba ko ɗagawa sama, alhali wannan ne ke lanƙwasa bango. Na sayi ɗan kumfan awo irin na magina, mai kumfa biyu, wanda ake maƙalawa a mazaunin filasha. Riyal 15. A duk abin da na saya zuwa yau, babu wanda ya gyara hotona kamar shi.

Tsawo kuma na tsayar da shi wajen santimita 120 zuwa 130 daga ƙasa, ƙasa da ƙirjina. A kicin ina ɗagawa kaɗan don a ga saman teburin girki, amma ba har a ga ƙarƙashin kabad na sama ba. A majalisar Larabawa, inda kujerun suke a ƙasa jingine da bango, ina sauka zuwa mita ɗaya. Idan ka ɗauki majalisa daga tsaye, sai ta zama fili da katifu a gefe. Idan ka sauko, sai mai kallo ya ji kamar an ce masa bismillah, zauna.

Sauran saiti ba ya canzawa: f/8, ISO 100, jinkirin daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka don kada hannuna ya girgiza ta.

Laraba, 2 ga Oktoba

Tagogi. Idan ɗaki ya fito daidai, taga ta ƙone fari. Idan taga ta fito, ɗaki ya zama kogo. Ido yana haɗa biyun, kyamara ba ta iyawa. Yanzu ina ɗaukar 5 a jere, daga mai duhu zuwa mai haske, in haɗa su a Lightroom, manhajar gyaran hoto. A yawancin shaƙƙoƙinmu ma tagar ƙarama ce mai gilashin sirri, babu abin gani a bayanta, 3 sun isa. Na lura Jidda tana da sauƙin lissafi: alƙibla tana gabas, teku yana yamma. Ɗakin da ke kallon alƙibla ina ɗaukarsa bayan azahar, wanda ke kallon Bahar Maliya da hantsi, lokacin da rana ba ta cikin tagarsa.

Litinin, 21 ga Oktoba

Launi ya fi haske wahala. Silin ɗin jibs da ake yayi yanzu yana ɓoye fitilu masu ruwan ɗorawa, wajen 3000K a ma'aunin launin haske, a tsakiya kuma mai gida ya sa farin ƙwan fitila mai 6500K, ga hasken rana yana shigowa wajen 5500K. Bango ɗaya sai ya fito da launi uku: rawaya a sama, shuɗi kusa da taga, toka a tsakiya. Haɗa hoto biyar ba ya maganin wannan, yana ma ƙara dagula shi. Wata mata ta kira maktab tana tambaya ko za a sake fentin "ɗakin nan mai ruwan lemo", alhali ɗakin fari ne tas.

Maganin shi ne filasha a wajen kyamara. Na so Godox AD200, amma kuɗinta zai cinye abin da ya rage, sai na ɗauki TT600 guda biyu masu cin batir AA huɗu-huɗu, da na'urar tayar da su, X2T. Ina riƙe filasha a hannu, in harba ta silin a bayana, hasken ya bazu ya sauko. Wannan hoton yana ba ni launin gaskiya na bango da tayil. Sai in ɗora shi a kan wanda na ɗauka da hasken ɗakin, in bar inuwar asali ta dawo don kada wurin ya zama kamar asibiti. Silin mai katako ko mai launi ba a harba masa, domin zai rina ɗakin duka. A nan bango fari ko ƙofa nake nema. Bangon kankare mai kauri kuma wani lokaci yana tare saƙon, filasha ta biyu da na ajiye a ɗakin ciki ta ƙi tashi sai na matso da ita bakin ƙofa.

Gidan da na fara gwada wannan akwai mutane a ciki, iyalin wata Hajiya 'yar asalin Sakkwato da za su tashi ƙarshen wata. Wannan wani darasi ne da babu shi a bayanin kowace kyamara. Na yi sallama daga waje, na jira aka ce in shigo, ɗanta ƙarami yana gaba yana sanarwa ɗaki-ɗaki. Na roƙi a sauke hotunan iyali daga bango, a kwashe tufafi daga igiya. Madubin kabad ya kusa kamo 'yarta tana wucewa a zaure. Na gani a allo, na goge a gabansu. Kafin in fita na miƙa wa Hajiya kyamarar, na ce, "Hajiya, ki duba duka, wanda bai kwanta miki ba a cire." Ta sa tabarau ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna na ɗakin kwananta ta ce, "Wannan ka bari sai mun kwashe kaya, ɗana." Na bari. Zan koma ranar 2 ga wata.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mun yi sa-in-sa da wani mai imara, ba zan faɗi unguwar ba. A shaƙƙarsa ta ƙasa danshi ya ci gindin bangon ɗaki ɗaya, fenti ya kumbura kamar tafin hannu biyu. Ya tsaya a bayana yana kallon allo ya ce in share shi a kwamfuta, ai minti ɗaya ne. Gaskiyarsa, minti ɗaya ne. Ya kuma ce in buɗe gilashin har ƙarshe don ɗakin ya yi girma. Na ce masa zan iya cire ledar da aka manta a ƙasa, zan iya cire inuwata a tayil, amma abin da ke jikin gini ba zan taɓa ba. Ya kira Kawu a gabana.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya tuna masa cewa tun Yulin 2023 da aka fara tilasta bin dokar dillancin gidaje, maktab yana aiki ne da lasisin Fal na hukumar gidaje, kowace talla tana fita da lambar izininta, kuma idan mai haya ya kai ƙara, sunan maktab ne a jiki. Sannan ya ce, "Ka kira mai gyara, yaron zai dawo ya ɗauka kyauta." Mutumin ya kashe waya. Har yanzu bai kira ba, kuma wataƙila mun rasa imarar duka, shaƙƙa takwas. A mota raina ya ɓaci, domin na san abin da takwas ke nufi ga maktab ƙarami. Kawu bai sake tayar da maganar ba.

Abin ya sa na kafa wa kaina doka a kan faɗin gilashi. Ba na sauka ƙasa da 12mm, wato kusan 19mm a babbar kyamara, sai a banɗaki inda babu wurin ja da baya. A 10mm tayil ɗin gefe yana miƙewa, murabba'i ya zama dogo, firij ya yi ƙiba. Na kuma sayi ma'aunin leza, Bosch GLM 50, mai kai mita 50. Yanzu ƙarƙashin kowane hoto ina rubuta awon ɗakin: 4.20 da 3.60, misali. Mai gado da kabad ya auna nasa a gida kafin ya taso.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Rangwamen Farar Juma'a. Na sayi kan ƙafa-uku mai giya, Benro GD3WH. Na daɗe ina kallon Manfrotto 410 da ake yabo, amma wannan ya fi sauƙin ɗauka a bene. Kan da nake da shi mai ƙwallo ne: ka daidaita, ka ɗaure, ya zame kaɗan, ka sake. Wannan maɓalli uku ne, kowanne yana motsa kyamara ta fuska ɗaya, gashi-gashi. Shaƙƙar da ke cin mini awa ɗaya da rabi ta koma ƙasa da awa. Kuɗin Kawu ya kusa ƙarewa, saura riyal 400 da 'yan kai.

Alhamis, 12 ga Disamba

Masu neman gida suna son bidiyo, sai na gwada. Hoton ya fito yana rawa, wasu layuka masu duhu suna gangarowa. Kwana biyu ina zargin katin memori. Ashe wutar lantarkin Saudiyya 60Hz ce, ba 50Hz irin ta Nijeriya da Nijar da Turai ba, kuma mai kyamarar na farko ya bar ta a tsarin PAL, hoto 25 a daƙiƙa. Fitilun LED masu araha suna ƙiftawa tare da wutar. Na mayar da ita tsarin NTSC, wanda ya dace da 60Hz, na sa saurin ɗauka 1/60, rawar ta tsaya cak.

Na tura wa 'yar gwaggon nan ta Sabil wata shaƙƙa a Safa: hoto 14, da awo, da bidiyon hawa tun daga ƙofar imara. Na sa hoton mitar wuta don a ga ta shaƙƙar ce ita kaɗai, da tankin ruwa, da wurin injin wanki, da kibiyar alƙibla a zanen ɗakuna, domin waɗannan ake tambaya a waya kullum, kuma ba su cikin jerin da masu koyar da hoto na Amurka ke bayarwa. Da yamma gwaggo ta kira da kanta. Ta ce ta gani sarai, akwai lif, amma kicin ɗin ba zai ɗauki tukwanenta da firiza ba, don haka ba za ta zo ba, in ci gaba da duba mata. Ta yi mini addu'a mai tsawo. Har yanzu tana ɗakin 'yarta, kuma abin da za ta iya biya a shekara bai kai yawancin abin da ke hannunmu ba.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Filla ta farko, wato gida mai zaman kansa, a unguwar Hamdaniyya. Mai ita ya nemi hoton sama da ɗan jirgi maras matuƙi. Na ce ba ni da shi, kuma ba a tayar da shi haka kawai: sai da rajista da izinin hukumar jiragen sama, GACA, balle a arewacin Jidda inda filin jirgin Sarki Abdul'aziz yake. Ban da haka ma, jirgin da ya ga rufinka ya ga tsakar gidan maƙwabcinka. Abin da na yi, na ɗaure kyamara a sandar fenti mai miƙewa, na ɗaga ta wajen mita 4 daga tsallaken titi, ina kallo ta waya. Ya isa a ga gidan ta saman katanga. Hannuna yana rawa saboda tsoron faɗuwarta. Sai na nemo maɗauri na ƙarfe kafin in sake.

Hoton waje mafi kyau ya zo bayan faɗuwar rana, lokacin da sama ta yi shuɗi mai duhu kuma fitilun gida suka daidaita da ita. Bai fi minti 15 ba, kuma shi ne lokacin magariba. Na kafa komai tun kafin kira, na bar ɗan mai gidan yana gadin ƙafa-uku, na yi sallah a masallacin layin, na dawo na tarar da sauran shuɗin. Hoto 6 na samu, 2 sun yi.

Marmarar falon tana ƙyalli kamar ruwa, tagogi suna kwance a cikinta. Matacin ƙyalli na 67mm da ake murzawa a bakin gilashi ya rage shi sosai, ko da yake yana cin haske, abin da ba ya damun mai ƙafa-uku. A waje na cire shi, domin a gilashi mai faɗi yana sa sama ta yi duhu gefe ɗaya.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Abokin Kawu yana da imara a Aziziyya ta Makka, wadda ake ba masu Umra da alhazai, kuma yana son hotuna kafin azumi, da ake sa ran farkon Maris. Ɗaki 36. Wannan wani irin aiki ne: ɗakunan kusan iri ɗaya, gado huɗu ko biyar a kowanne, kuma wanda zai kalli hoton yana Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ba shi da damar zuwa ya duba kafin ya biya. Na gaya wa mai imarar tun a waya cewa zan ɗauki ɗakin da adadin gadajen da za a kwana a kai, ba za a fitar da ɗaya don hoto ba, kuma zan rubuta ɗaki nawa ke raba banɗaki. Ya ce babu damuwa.

A nan kyamarar kewaye, irin Ricoh Theta ko Insta360, za ta yi amfani, domin mutum ya juya da yatsa ya ga ko'ina. Babu kuɗinta. Na yi magana da wani ɗan'uwa da ke da ita, zai ba ni aro kwana biyu. Gilashin TS-E 17mm da ke gyara tsayuwar dogon gini tun a kyamara kuwa, na rubuta shi a shafin ƙarshe na littafin nan. Gaban imarar zan ɗauke shi daga nesa, in gyara sauran a kwamfuta.

Da mota zan tafi, ba jirgin ƙasan Haramain ba, saboda ƙafa-uku da sanda. Abin da ya rage kafin Asabar: batir na biyu na kyamara, AA 16 a caje, katin memori na ajiya, da farin zanin gado guda biyu ko da na tarar ba a shimfiɗa ba. Kawu ya ce in ɗauki ihrami, in mun gama ɗakunan hawa na farko da wuri mu sauka Harami.